Littafin da Ake Karantawa da Yatsu

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma,
na baje kaya kamar mai talla:
buhunan siminti uku, na kakkaɓe na yanyanka,
ƙaron da ya kwana jiƙe a gwangwanin madara,
basilla, zare ninki huɗu,
da guntun fatar akuya
da Jatau baduku ya miƙo mini kyauta,
wai ta yi tabo, ba mai saye.
Tabon nake so. Shi ne bangon.

Gwaggo Kande tana gindin maina.
Idanunta sun tafi bara, ko sallama babu.
Ta ji kukan almakashi, ta ce,
"Ladidi, yau kuma rigar wa?"
Na ce ba riga ba ce, Gwaggo, hanya nake ɗinkawa,
wadda muka bi daga Sankara zuwa Baturiya
shekarar da Uwale ta haifi tagwaye,
ina 'yar shekara tara, ina riƙe da bakin zanenki.

Shafin farko ba harafi ko ɗaya.
Zare ne ya taso daga ƙasa, ya yi kwana, ya miƙe.
Duk inda a-kori-kura ta mutu mana
na yi ƙulli:
ɗaya bayan Taura,
ɗaya a Gujungu, inda yaron mota ya hura mai da baki
mu kuma muka ci rake har muƙamuƙi ya gaji.

Shafi na biyu na shafe shi da ƙaro,
na barbaɗa yashi.
Ba na can ba ne, na bakin rijiyarmu ne,
Allah ya yafe mini wannan ƙaryar.

Kwalekwale ne ya ba ni wuya.
Da me ake manna tsoro?
Kwana biyu ina juya abin a raina
sai na tsoma takardar a ruwa, na shanya ta kan danga,
ta bushe a yamutse, tudu da kwari,
kamar ruwan ranar,
kamar goshinki lokacin da mai fito ya yi dariya
kika damƙe wuyan hannuna kina salati.

Na huɗu na turara shi a bakin murhu
har ya ɗauki warin banda.
Na biyar gashin kirinjijiya ne guda,
wanda na ɓoye shekaru a tsohon akwatin sabulu.
Ya karye a tsakiya. Haka na ɗinke shi.

Da magariba na huda gefe sau bakwai,
basilla ta soke ni a na shida.
Ɗigon jinin yana nan, ban goge ba.

Na ɗora mata a cinya.
Ta shafa tabon, ta shinshina, ta buɗe.
Yatsanta ya hau zaren a hankali
kamar mai tsallaka gada da tulu a ka.
Ƙulli ɗaya, ta gyaɗa kai.
Ƙulli biyu, ta ce, "Rake."
Ta bi har ƙarshe, ta dawo baya,
ta sake bi.

"Ina na ukun?"
Na ce sau biyu ne, Gwaggo.
"Sau uku. Gab da Haɗeja, cikin dare,
ba wata, ba gari kusa.
Ke kina barci a nan," ta bugi cinyarta,
"ni na zauna ina korar miki sauro
da murfin kwano har assalatu."

Ta ce in ba ta zare.
Ta lallaba, ta nemo wurin da kanta,
ta ƙulla nata, ya fi nawa girma,
har littafin ya ƙi rufuwa daidai.

Yanzu yana kan kanta, bakinsa a ɗan buɗe.
In na ɗauko, nan yake fara buɗewa,
wurin da na je ban gani ba.